Uwar Babur

Anakleta Sulka ta fi shekara talatin tana girkin bukukuwan baftisma a garinmu Pukarumi, amma ba wanda ya taɓa miƙa mata jariri ya ce ta riƙe masa a gaban Fada, limamin coci. Ita ke fere dankali tun da sassafe, ita ke gasa ɓerayen Masar, ita ake tambaya ko gishiri ya ji. In an fito daga coci, mai jego da matar da ta riƙe mata yaro suna rungume da juna suna kiran juna "komadre" a karon farko, ita tana can bayan gida cikin hayaƙi tana juya tukunya.

Kowa ya san dalili, ko da yake ba a faɗa a gabanta. Ba ta taɓa haihuwa ba, sai aka ce hannunta da sanyi, yaron da ta riƙe ba zai yi ƙwari ba. A wurinmu kuwa wadda ta tsaya wa ɗanki a coci ta zama taki har abada: kujerarta daban a gidanki, ranar girbi tana gonarki, ranar makoki tana gefenki. Akwai matan da ke da komadre goma. Anakleta ba ta da ko ɗaya. Ranar Alhamis ɗin komadre, wadda ke zuwa gab da azumin coci, lokacin da mata ke bin gidajen juna suna shafa wa juna gari a fuska suna ci suna sha, ita sai ta rufe ƙofarta ta ce tana da cukun da za ta matse.

Ba mace ce mai zama ta rafka tagumi ba. Ubanta falke ne mai alfadarai, a bayan alfadari ta tashi, tana bin sa daga wannan kwari zuwa wancan. Ta auri wani yaron mota mai suna Nikanor, ya rasu ya bar mata shanu biyu da muryar da ta saba yi masa tsawa da ita. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, in za ta yi dariya sai ta dafe malafarta kada ta faɗi.

Ni sunana Zoila, lissafi na koyar har na yi ritaya. Ɗana Rusbel ne ya haɗa ni da ita. An yi mini canjin makaranta zuwa Pukarumi yana ɗan shekara shida, daga ni sai shi, gidanmu yana kallon nata. Kafin in gama kwance kaya ya gano inda ake samun gutsattsarin cuku kyauta. Ya girma, ya karanci lafiyar dabbobi, ya sami aikin yi wa shanu da alfaka, dabbar ulu mai kama da ƙaramin raƙumi, allura a ƙauyukan kan tudu, ya tara kuɗi ya sayi jan babur.

Abin hawa ba ya hawa hanya sai an kai shi ƙofar coci an sa masa albarka, kuma sai da macen da za ta tsaya masa kamar yadda ake tsaya wa yaro. Na ɗauka matar mai kantin gari zai nema, don ita hannunta a sake yake. Sai na ga ya sa farar riga, ya ɗauki ganyen koka, wanda ake kai wa duk wanda za a roƙa, da kwalbar giya, ya tsallaka titi. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji shi, ba sau ɗaya ba.

"Me ka zo yi da kwalba, ɗan nema? Cukun bai yi ba tukuna."

"Mama Anakleta, roƙo na zo yi. Ina da yaro a gida, ba shi da uwar baftisma."

"Yaro? Wayyo ni! 'Yar wa ka jawo wa magana?"

"Ja ne, Mama. Ƙafarsa biyu, ga shan mai kamar me."

Ta ƙi sau biyu, kamar yadda ya dace. A na uku ta ce to, sannan ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ta daɗe ba ta fito ba, har shi kuma da yake jira ya cinye rabin cukun da aka ce bai yi ba.

Ranar sa albarka ta zo da buje uku, ɗaya kan ɗaya, da sabuwar malafa. Ta lulluɓe babur ɗin da furanni har ba a ganin fitila, ta ɗaura jan ƙyalle a madubi, ta ce sunansa Serafin.

Fada ya ce, "Mama, albarka kawai nake sa wa. Babur ba ya ɗaukar suna."

"Kai dai yayyafa ruwanka, Fada. Suna aikina ne."

Daga ranar ta daina ce wa Rusbel ɗan nema, ya koma "kompadre", takwaran komadre na maza, yaron da ta sha share wa majina. Ni kuma na zama komadre, wai ai gida ɗaya ne. Alhamis ɗin komadre ta wannan shekarar ita ta fara buga mini ƙofa, da cuku mai faɗin faifai da gari cike da aljihu. Ta shafe ni har cikin kunne. A haka na shiga aji.

Ba da wasa ta riƙi aikin ba. Ita ta ɗinka wa Serafin fatar tunkiya a kujera. In ta ga taya ta suɗe, sai ta tare Rusbel a bakin titi ta ce ita ba ta tsaya wa yaro don a bar shi ba takalmi ba. Daga baya ta ce sai an koya mata tuƙi. A filin ƙwallo aka fara. Ranar farko ta shige raga ita da babur, 'yan gari suna ihu wai ta ci ƙwallo. Ta fito tana karkaɗe buje ta ce, "Ba komai, alfadari ne marar kunne. Na gane shi." Kuma ta gane shi ɗin. Kafin damina ta wuce ita ke kai cukunta kasuwar Lahadi da kanta.

Rusbel ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya. Ba a kan hanya ba, kamar yadda na yi ta tsoro. Ciwon huhu ne, a gadon asibiti, ina riƙe da hannunsa. Iyakar abin da zan ce ke nan a kan wannan.

Na yi shekara guda cikin baƙaƙen kayan makoki. Serafin yana rumfar itace, lulluɓe da bargo. Kullum in na shiga ɗiban itace sai in ga madubin ya leƙo da jan ƙyallensa. Da shekara ta cika na tuɓe baƙi, sai na yi magana da wani mai shagon babura a birnin Kusko, muka sa rana. Sannan na tsallaka titi na gaya wa Anakleta.

Tana tace madara. Ba ta ɗago ba.

"Sayar da wa?"

"Babur ɗin, komadre. Ba na iya ganinsa."

Ta gama tacewa, ta goge hannu, sannan ta ce, "In Serafin ya tafi, ni da ke me muka zama? Maƙwabta?"

"Me zai canza? Komadre kike, komadre za ki zauna."

"Haba, ke da kika yi jami'a. Komadre a kan me? Kompadre ya tafi. In yaron ma ya tafi, ai babu abin da ya rage a tsakani. Mutane za su ce ga Anakleta can tana shafa wa maƙwabciyarta gari, tana riya wa kanta zumunci."

Gaskiyarta ne, haka za su ce. Amma ban janye ba, ita kuma ba ta roƙe ni ba. Abu ɗaya ta nema.

"Ba za a loda shi a babbar mota kamar buhun dankali ba. Ni na kai shi ƙofar coci, ni zan kai shi inda za shi. Ke kuma ki hau baya, tunda ke ce mai sayarwa."

Muka tashi wata safiyar Juma'a bayan girbi, sama garau, ciyawa ta yi fari da sanyi. Ta sa wando a ƙarƙashin buje, ta ɗaure malafarta a baya, ta kifa hular kwanon Rusbel. Serafin ya yi shekara bai motsa ba, amma bugu uku ya tashi, da ɗan tarin nan nasa da ake ji tun daga nesa. Ashe tana shiga rumfar tana tayar da shi duk lokacin da na tafi coci.

"Riƙe ni da kyau, komadre. Ni ba surukarki ba ce da za ki ji kunyata."

A mararraba, maimakon ta hau kwalta, sai ta karya hagu ta bi hanyar ƙasa mai gangarawa kwari.

Na ce, "Ba ga titi can ba?"

"Kwalta tana cin taya. So kike mai saye ya rage kuɗi?"

Muka yi ta gangara lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu. Ni idona a rufe rabin lokaci, ita kuwa tana hira da babur: "Sannu a hankali, ɗana. Ka ga wancan dutsen? Ba ruwanka da shi." Sanyi ya sake mu. Aka fara jin ƙanshin bishiyar turare, daga nan sai gonakin masara da aka girbe, da garken aku suna ta surutu a kan karan. Can ƙasa kogi yana kwance, kore kamar kwalba.

A bakin gada akwai injin niƙa mai aiki da ruwa. Tun kafin mu tsaya mai shi, Baba Krisologo, ya fito fari fat da gari.

"Anakleta! Wa ya ba tsohuwa babur? Mutuwa kike nema ko miji?"

"In miji nake nema, a ƙofar mai haƙori uku zan tsaya?"

"Huɗu ne, ki ƙirga da kyau!"

Da ya gane ni sai ya cire hula, ya yi mini gaisuwar rashi a taƙaice, yadda nake so. Ya ɗebo giyar masara ya ɗiga wa tayar gaba, ya ɗiga wa ƙasa, sannan ya ba mu. Ya ce tunda Rusbel ya daina wucewa, saƙo zuwa birni sai an yi sa'a. Ya shiga ya fito da ƙunshi a zanen goyo, garin alkama ne na 'yarsa Delfina mai sayar da lemo a babbar kasuwa. Ya miƙa wa Anakleta.

Hannunta biyu suna kan babur, tana murza shi yana kuka. "In na sake shi zai mutu, ba ya son tashi da zafi. Komadre, karɓa mana."

Na karɓa da hannu biyu, na goya.

Sai da muka hau rabin tudun da ke gaba na farga. Wanda ya karɓi zanen saƙo da hannunsa, shi ke mayar da shi hannun mai shi, kuma zane ba ya komawa wayam. Ko yaro ya san wannan. Motar haya da zan koma gida a cikinta kuwa kwalta take bi, ba ta san gadar Baba Krisologo ba.

Na daka mata kafaɗa. "Anakleta! Da gangan kika yi!"

"Me? Hular nan ta toshe mini kunne, ba na jin komai!"

Rana ta take tsaka muka shiga Tambiyo, ƙauye mai titi ɗaya. Nan ma tarin Serafin ya riga mu isa. Mata suka fito daga gidaje, yara suka kewaye shi suna shafa fatar tunkiyar. Mai abinci, Mama Gumersinda, ta zaunar da mu ta zubo mana miyar dankali da naman rago, ta ƙi karɓar ko kwabo. Ta ce Rusbel ya taɓa ciro mata ɗan maraƙi da ya zo a juye, hannunsa ciki har kafaɗa, yana yi wa saniyar waƙa.

"Waƙa? Ai ba shi da murya," in ji ni.

"Shi ya sa saniyar ta yi sauri ta haihu, don ya yi shiru!"

Muna gama ci na hango ta tana tahowa da zane, kan kaza ya leƙo daga ciki. Ƙanwarta ta haihu a Kusko, mai jego kuwa sai da romon kazar gida. Na miƙe na mai da hannuwana baya na harɗe.

"Mama Gumersinda, ki ba direba. Ni fasinja ce."

Direba kuwa ta tsuguna gindin babur, ta damƙi sarƙa da hannu biyu, baƙin mai har gwiwar hannu. "Kin ga hannuna. So kike in ɓata mata zane?"

Muna cikin haka kazar ta fizge, ta yi tsalle da zanen a wuyanta ta nufo fuskata. Ban san lokacin da na cafe ta ba.

Mama Gumersinda ta tafa. "An gani! Hannu biyu!"

"Hannu biyu!" in ji duk titin.

Anakleta ta dafe hular kwano tana dariya, ta manta ba malafa ba ce. Na hau da gari a baya, kaza a cinya.

Daga Tambiyo hawa ne ba sauka. Bishiyoyi suka ƙare, gonaki suka ƙare, sai doguwar ciyawa rawaya da iska. Numfashi ya yi gajere, nawa da na Serafin. Anakleta tana ta lallashinsa: "Saura kaɗan, ɗana, kada ka ba ni kunya gaban kaza." A ƙololuwar hanya akwai tarin duwatsun matafiya. Ta kashe babur, muka sauka, kowa ta ɗora dutsenta, muka ajiye ganyen koka.

Sai muka ji murya daga wata bukkar dutse a gangare.

"Rusbel! Rusbel!"

Wata tsohuwa ce ke tahowa da gudu-gudu, tana laluben ƙasa da sanda. Da ta matso ta ga inuwar mata biyu sai ta tsaya cak.

Ta ce, "Na sani. Na sani, an gaya mini tun bara. Ƙafafuna ne ba su ji ba."

Mama Edubihes ke nan, makiyayiyar alfaka, idonta ya yi hazo. Ta shafa tankin babur, sannan ta shafa fuskata ta tsaya a haɓa.

"Ke ce uwar. Ga haɓar nan." Sai ta yi 'yar dariya. "Ashe ke ce Malama! Ina da mai sunanki."

"Jika?"

"Alfaka. Wata fara, mai dogon wuya. Duk zuwansa allura sai ta tsaya tana kallonsa ta saman hanci, ba ta ko ƙiftawa. Ya ce haka uwarsa ke kallonsa in ya dawo gida a makare. Shi ya raɗa mata Malama. Kuma sai ta bari ya juya baya ta tofa masa yawu a ƙeya."

Anakleta ta ce, "Wannan kam ba halin komadre ba ne. Ita a gaba take tofawa."

Na yi dariya har sai da na zauna a kan dutse. Rabon da in yi irinta tun kafin asibiti.

Tsohuwar ta koma bukka ta fito da zane, busasshen dankali ne da zaren ulu na jikarta da ke karatun jinya a birni. Jikar ce ke aiko mata maganin ɗigawa a ido, ta hannun Rusbel. Kwalbar ƙarshe ta daɗe da ƙarewa.

Wannan karon babur a kashe yake, hannun Anakleta a goge. Ba ta yi wata dabara ba. Ta juya baya tana kallon tsaunuka masu ƙanƙara. Na miƙa hannu biyu na karɓa.

Da la'asar muka zagayo wata kwana sai ga Kusko a ƙasa, jajayen rufi sun cika kwarin har sun hau gefen tsaunuka. Na yi shekarun jami'a a garin nan, amma ban taɓa shigarsa da kaza a cinya ba. Anakleta ta bi da motocin birni yadda ubanta ke bi da alfadaran wasu: ta yi musu tsawa, ta wuce. A wani lungu mai tsohuwar katangar dutse wani ɗan tasi ya leƙo ya ce, "Kaka, a koma gida a yi saƙa!" Ta ce, "In na saƙa takunkumi zan kawo maka!" Wasu baƙi masu jakar goyo suka ɗauke mu hoto. Ta gyara zama.

Muka raba saƙo. Delfina ta cika zanen ubanta da manyan burodi masu faɗi da sukari. Mai jego ta karɓi kaza, ta ɗora mini jaririn a hannu na ɗan lokaci, ta ƙunsa lemo da kyandir da hoton yaron. Ɗalibar jinya ta ruga kantin magani ta dawo tana haki da kwalabe biyu, ta haɗa da batirin rediyo. Zane uku, duk a bayana.

Sannan muka tafi shagon babura. Mai shagon, Maksimo, matashi ne mai fara'a. Ya zagaya Serafin, ya tayar da shi, ya saurara, ya ce an kula da shi.

Anakleta ta ce, "Ina zai riƙa kwana?"

"Wa?"

"Serafin."

Ya dube ni. Na ce, "Babur ɗin."

"Au! A nan mana, Mama, cikin 'yan'uwansa, kafin mai saye ya zo."

"Wane ne mai sayen? Yana sha?"

"Mama, ni ina zan sani? Masu kai abinci gida-gida ne ke son irinsa. Zan cire fatar nan, in canza salansa ya daina wannan tarin, in fesa masa baƙin fenti. Nan da sati ko ke ba za ki gane shi ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabon aikinsa yake yi. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Anakleta ta kwance jan ƙyallen daga madubi ta naɗe a yatsa. Ta cire fatar tunkiyar ta ninke. Ta goge ƙurar tanki da bakin bujenta. Sannan ta zare makulli ta sa mini a tafin hannu.

Ta ce, "To, Malama. Na kawo shi."

Tun ranar da aka fito daga ƙofar coci ba ta sake kirana da wannan sunan ba.

Maksimo yana cewa motar Pukarumi da safe take tashi, in muna so ya raka mu tasha. Zannuwan nan, in na so, zan iya neman wanda zai kai su. Za a yi gulma, gulma kuma tana wucewa. Ba su ne suka fi yi mini nauyi ba.

Na ce, "Samari, yi haƙuri, na ɓata maka lokaci. Na fasa."

Ya ɗaga kafaɗa ya yi murmushi, har ya ƙara wa tayar baya iska kyauta.

A waje na miƙa mata makullin. "Naki ne. Ganinsa a rumfa ne ba na iyawa. Amma yau na gane in jin wucewarsa ne, zan iya."

Sai ta mai da hannuwanta baya ta harɗe, kamar yadda na yi a Tambiyo.

"In na karɓa na zama uwarsa ta gida. Uwa kuwa ba ta tsaya wa ɗanta a coci. Kin ga kin raba mu ke nan ta wata ƙofar."

Na ce, "To ashe yaronki ba shi da uwar baftisma."

 Sai ta fizge makullin ta ce, "Tsaya nan. Kada ki motsa." Ta nufi kasuwa da sauri, bujenta yana kaɗawa. Ba a jima ba ta dawo da ƙullin ganyen koka da kwalba. Ta cire hular kwano, ta sa malafa, sannan ta cire malafar ta riƙe a ƙirji, a tsakiyar titi, mutane suna ratsa mu.

"Malama Zoila, roƙo na zo yi. Ina da yaro, ja ne, yana ɗan tari, amma yana da ladabi."

"Ni? Ni ba ni da hali. Ki nemi wadda ta fi ni."

"Babu wadda ta fi ki. Ki taimaka."

"Shekaru sun ja, ga ciwon gwiwa. Ba zan iya ba."

Ta roƙa karo na uku. Na kafe ta da ido ta saman hanci.

"Ke, sau biyu ake ƙi! Kada ki mai da ni abin kallo!"

Na ce na yarda. Ta rungume ni har burodin Baba Krisologo ya lotse.

Mun kwana gidan Delfina. Washegari Asabar muka shiga layin masu sababbin motoci a ƙofar wata ƙaramar coci. Ni na sayi furanni, ni na mai da jan ƙyallen madubi. Da layi ya zo kanmu, Fadan ya dubi tsohon babur cikin sababbin motoci ya ce, "Wannan kamar ya taɓa shan ruwan albarka."

Anakleta ta ce, "Ya taɓa, Fada. Uwa ya canza."

Ya yayyafa. Aka ba ni kwalbar giya in fesa wa tayoyi. Ban taɓa yi ba, rabi ya ƙare a takalmin Fada.

Muka koma ta hanyar da muka zo. A ƙololuwa Anakleta ta ɗiga wa Mama Edubihes magani da hannunta, ni kuma na ce a nuna mini mai sunana. Aka kai ni garke. Ta ɗago dogon wuyanta ta kafe ni da ido ba ƙiftawa. Na gane kallon. Ban juya mata baya ba, da baya-baya na fita.

Yanzu Serafin yana kwana a ɗakin cukun Anakleta. Sati biyu-biyu take bin hanyar kwari har Kusko, da cukunta da zannuwan mutane, kuma da hannunta take karɓa. Ina jin tarinsa daga ɗakina in za ta fita. Wani lokaci nakan ajiye abin da nake yi har sai ya ɓace. In na ga taya ta fara suɗewa, nakan tare ta a bakin titi in yi mata faɗa, don aikina ne.

Bana, ranar Alhamis ɗin komadre, ni ya kamata in fara buga ƙofa. Na cika aljihuna da gari, na tsallaka titi tun rana ba ta gama fitowa ba, na buga.

Ta buɗe sanye da hular kwano, gilashin a rufe ruf.

"Shigo, komadre," in ji ta daga ciki. "Shafa in gani."